Albashi Bashi Ne: Darasi a kan Hakkin Ma'aikatan Gwamnati

Ranar 1 ga watan Mayu, wadda ma'aikata sukan fita maci a cikinta a manyan biranenmu, ita ce kuma ranar da Ikkilisiya take tunawa da Yusufu Mai Tsarki, masassaƙin Nazarat. Paparoma Pius na 12 shi ne ya kafa wannan idi a shekara ta 1955, domin kada wani ya zaci zancen aiki da ladan aiki ba ruwansa da bangaskiya. Saboda haka darasinmu na wannan wata zai duba yadda ake yin bita a kan albashin ma'aikatan gwamnati a Nijeriya, da yadda ake tsayar da shi. Muna roƙon katekis da shugabannin zumunta su sa a karanta Maimaitawar Shari'a 24:14-15, da Luka 3:10-14, da Yakubu 5:1-6 kafin a shiga darasin.

Watakila wani zai ce, "Ni manomi ne, ban taɓa karɓar albashi ba, ina ruwana da wannan magana?" Bari mu duba. Malamin da yake koya wa 'ya'yanmu karatu mai albashi ne. Ungozomar da take karɓar haihuwa a asibitin ƙauye mai albashi ce. Haka nan ɗan sandan da muke tararwa a shingen hanya. A gidaje da yawa kuma, kuɗin takin bana da kuɗin makarantar ƙanne suna fitowa ne daga aljihun ɗa guda wanda yake aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma. Idan albashin nan ya kasa, ko ya makara, ƙauye yakan ji a jikinsa tun kafin a faɗa a rediyo.

Abin da Ikkilisiya take koyarwa

Tun daga Tsohon Alkawari, Allah bai ɗauki ladan ma'aikaci kamar wani alheri da maigida yake yi in ya ga dama ba. Shari'ar Musa ta hana ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki, ta kuwa ba da dalili, watau mutumin matalauci ne, abin da zai ci ke nan. A sura ta 22 ta littafinsa, Annabi Irmiya ya tsauta wa Sarki Yehoyakim domin ya gina fadarsa da gumin mutanen da bai biya ba. Ku lura, sarki ne aka tsauta wa, watau gwamnatin wancan zamani. Yakubu kuwa ya kwatanta ladan da aka danne da abu mai murya, wanda ƙararsa take kaiwa har gaban Ubangiji. Shi ya sa Katekisma ta Ikkilisiyar Katolika ta lissafa danne hakkin ma'aikaci cikin zunuban da suke kuka zuwa sama, a jeri ɗaya da jinin Habila.

A shekara ta 1891 Paparoma Leo na 13 ya rubuta wasiƙarsa mai suna Rerum Novarum. A lokacin, masu masana'antu a Turai suna cewa muddin ma'aikaci ya yarda da abin da aka yanka masa, magana ta ƙare. Paparoma ya ƙi wannan. Ya koyar cewa akwai adalcin da ya riga kowace yarjejeniya, wanda ya wajabta lada ya isa ya riƙe ma'aikaci mai tattali. Wanda yunwa ko tsoro suka sa ya karɓi abin da bai kai haka ba, ba yarda ya yi ba, tilasta masa aka yi. Wannan wasiƙa ba ta tsufa ba. Paparoma Leo na 14, da aka zaɓa a watan Mayu 2025, ya gaya wa kadinal-kadinal cewa tana cikin dalilan da suka sa ya ɗauki wannan suna.

Bayan shekara 40, a 1931, Paparoma Pius na 11 ya fitar da Quadragesimo Anno, inda ya ba mu ma'auni uku na tsayar da lada. Na fari, bukatar ma'aikaci da iyalinsa. Na biyu, ƙarfin wanda yake biya. Na uku, amfanin jama'a duka. Sa'an nan Paparoma Yohanna Bulus na 2, wanda dattawanmu suka gani da idonsu a Kaduna a watan Fabrairu 1982, ya ƙara a cikin Laborem Exercens ta 1981 cewa in kana so ka san ko tsarin tattalin arzikin wata ƙasa mai adalci ne, ka duba ladan da ake biyan ma'aikacinta. Da waɗannan ma'auni za mu auna tarihinmu.

Daga yajin 1945 zuwa Udoji

Wanda ya bi tarihin albashi a ƙasar nan zai ga hali guda yana ta maimaita kansa. Kaya su yi tsada, a yi shiru. Ma'aikata su koka, a yi shiru. Sai sun ajiye aiki sa'an nan a kafa kwamiti. A 1945, da yaƙin duniya na biyu ya sa rayuwa ta yi tsanani, ma'aikatan jirgin ƙasa da na gidan waya da sauransu suka yi yaji fiye da kwana 40, Michael Imoudu yana gabansu, kafin Turawan mulki su kafa kwamitin Tudor Davies. A watan Yuni 1964 aka sake yin yajin gama-gari saboda gwamnati ta ja ƙafa a kan rahoton kwamitin Morgan. Bayan yaƙin basasa aka yi na Adebo.

Amma wanda ya zauna a bakin mutane har yau shi ne Udoji. A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta naɗa Cif Jerome Udoji ya shugabanci hukumar da za ta duba aikin gwamnati daga sama har ƙasa. Ya miƙa rahotonsa a 1974. Daga wannan aiki ne muka sami matakan nan na albashi, daga mataki na 01 zuwa na 17, waɗanda ma'aikata suke lissafa kansu da su. Mafi yawan rahoton a kan gyaran aiki ne: yadda za a horar da ma'aikaci, a ba shi aikin da ya dace da shi, a kuma auna abin da ya yi. Sai dai kunnen jama'a da na gwamnati sun fi kama sashen kuɗi. Lokacin arzikin man fetur ne, baitulmali a cike. Albashin na ƙasa-ƙasa ya ninka, aka kuma lissafa ƙarin tun daga watan Afrilu 1974, aka biya ariyas a dunƙule a farkon 1975.

Waɗanda suka ga zamanin suna ba da labarin kekuna da babura da akwatunan rediyo da aka saya, da aure-auren da aka ɗaura. Kuɗi sun yi yawa a hannu, kaya kuwa ba su ƙaru a kasuwa ba. 'Yan kasuwa suka ce su ma sai sun ci nasu Udojin. Ma'aikatan kamfanoni suka shiga yaji suna neman irin nasa. A shekarar 1975 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Manomi da ɗan tireda, waɗanda ba su karɓi ko kwabo ba, suka sayi gishiri da kananzir a sabon farashi daidai da wanda ya karɓa.

Ba muna cewa ma'aikatan 1974 ba su cancanci ƙari ba ne. Sun cancanta ƙwarai. Abin da muke so mu lura da shi shi ne yadda aka ɗauki abin. An karɓe shi kamar kyautar sarki, wadda takan zo sa'ad da sarki ya yi farin ciki, ana kuma yi mata guɗa. Tun daga nan wannan tunani bai rabu da mu ba. Har yanzu idan gwamna ya biya albashin wata a kan kari, sai ka ji ana yi masa godiya a rediyo kamar ya yi sadaka. Koyarwar Ikkilisiya ita ce, albashi bashi ne. Ma'aikaci ya riga ya ba da ƙarfinsa na kwana 30 kafin a ba shi kome. Shi ne ya ranta wa gwamnati. Mai biyan bashi kuwa ba a yi masa kirari, kuma ba shi da ikon zaɓen ranar da ya ga dama.

Ma'auni na fari: tukunyar gida

Dokar farko ta mafi ƙarancin albashi ta ƙasa baki ɗaya ta zo a 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, bayan yajin da Ƙungiyar Ƙodago ta NLC ta kira a ƙarƙashin Hassan Sunmonu. Ma'aikata sun nemi N300, aka tsaya a kan N125 a wata. A shekara ta 2000 doka ta ce N5,500. A 2011 ta zama N18,000, a 2019 N30,000, a 2024 kuma N70,000. Wanda ya dubi lambobin kawai zai ce ma'aikaci ya yi ta hawa. Amma a 1981 naira ta fi dalar Amurka daraja, har N125 ɗin nan ta kai kimanin dala 200. N70,000 ta 2024, ranar da aka sa mata hannu, ba ta kai dala 50 ba.

Ku dubi kuma tazarar da ke tsakani: shekara 11 daga 2000 zuwa 2011, shekara 8 daga nan zuwa 2019. A dukan shekarun nan farashin masara bai tsaya yana jiran kwamiti ba. Albashin da aka bari a wuri ɗaya alhali kasuwa tana tafiya, an rage shi ke nan, ko da ba wanda ya sa hannu a takardar ragewa.

Mu ɗauki bitar 2024, gama ita ce muka gani da idonmu. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, aka kuma saki naira. Kuɗin mota da na abinci suka tashi nan da nan. Kwamitin ɓangarori uku, watau gwamnati da ma'aikata da masu kamfanoni, mai mutum 37 a ƙarƙashin Bukar Goni Aji, bai zauna ba sai ƙarshen Janairu 2024. Ƙungiyoyin ƙodago suka fara da N615,000, gwamnati ta taya N48,000. Aka yi ta ciniki kamar ana kasuwar shanu, wannan yana sauka, wancan yana hawa, har aka yi yaji ran 3 ga Yuni. A wannan wata hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. A watan Yuli aka daidaita a kan N70,000.

Yanzu sai mu yi lissafin da kowace uwar gida ta iya. N70,000 in an raba ta kwana 30, kowace rana ta sami kimanin N2,300. Gida mai mutum shida, kowa bai kai N400 a yini ba, tun ba a cire kuɗin haya da na mota da na magani da na makaranta ba. A kasuwanni da yawa a lokacin, buhun shinkafa ɗaya ya fi albashin watan gaba ɗaya. An yarda da adadin, an sa hannu, ya zama doka. Amma mun riga mun ji daga Leo na 13 cewa yarda ita kaɗai ba ta mai da lada ya zama na adalci. A kan ma'auni na fari, wannan adadi bai cika mudu ba. Abin yabo guda a dokar 2024 shi ne ta rage lokacin bita daga shekara 5 zuwa 3.

Ma'auni na biyu: "Babu kuɗi"

Duk sa'ad da aka zo bita, gwamnoni sukan ce jihohinsu ba za su iya ba. A watan Yuni 2024 sun ce ko N60,000 ta fi ƙarfinsu. Bai kamata mu yi wa wannan magana dariya ba, gama jihohi da yawa suna rayuwa ne a kan kason da suke karɓowa daga Abuja kowane wata, kuma Pius na 11 da kansa ya ce rashin adalci ne a nemi ladan da zai karya mai biya. Amma a wuri guda ya ƙara cewa idan rashin kuɗin ya fito ne daga sakaci da rashin iya riƙo, ba hujja ba ce ta tauye ma'aikaci. Kuma bayan janye tallafi kason jihohi ya ƙaru ƙwarai. Kafin ƙarshen 2024 Kano ta sanar da N71,000, Kaduna N72,000, Neja N80,000, Legas N85,000. Ashe akwai wurin motsi.

Kafin gwamnati ta ce wa masinja babu, sai ta nuna masa littafin kuɗi. Ma'aikatan bogi nawa ne suke karɓar albashi, kuma wa yake sa hannu a madadinsu? Mashawarta nawa ne gwamna ya naɗa? A ƙasar nan hukumomi biyu ne suke duba lada. Akwai Hukumar Albashi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993 domin ma'aikata. Akwai kuma hukumar rabon arzikin ƙasa, RMAFC, wadda tsarin mulki ya ba ikon yanka wa masu muƙaman siyasa nasu. A 2018 Sanata Shehu Sani ya bayyana cewa kowane sanata yana karɓar naira miliyan 13 da rabi a wata na gudanar da ofis, ban da albashinsa. A lokacin mafi ƙarancin albashi N18,000 ne, watau kuɗin ofis na mutum ɗaya ya kai albashin ƙananan ma'aikata 750. Littafi Mai Tsarki ya la'anci mai ajiye mudu biyu a gidansa, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Ƙasa ma tana iya ajiye mudu biyu.

Abin da ya fi ƙarancin albashi ciwo shi ne rashin biyansa. A 2015 jihohi da yawa sun tara wa ma'aikata bashin watanni, har sai da gwamnatin tarayya ta ba su rancen ceto. An yi wuraren da ake biyan rabin albashi, a ce a yi haƙuri da sauran. A 2025 malaman firamare na Birnin Tarayya sun rufe azuzuwa fiye da wata uku domin ƙananan hukumomi ba su biya su N70,000 da doka ta ce ba. Wannan a Abuja ke nan, inda aka sa wa dokar hannu. Na tsofaffin da suke bin layin fansho da sanda a hannu kuwa, darasi ne mai zaman kansa.

Ma'auni na uku: sauran jama'a

Ma'aikatan gwamnati kaɗan ne a cikinmu. Yawancin masu zama a bencin majami'a ran Lahadi manoma ne, da masu sana'ar hannu, da 'yan kasuwa. Dokar albashi ma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Saboda haka bitar da ta manta da waɗannan mutane za ta maimaita 1975. Idan albashi ya cinye kasafin jiha duka, har nas ta sami ƙari amma babu magani a asibitinta, ba a yi wa kowa adalci ba. Gwamnatin da ta tsare hanyar gona daga 'yan bindiga har abinci ya sauko ta yi wa ma'aikaci ƙarin albashi, ta yi wa manomi ma.

A nan ƙungiyoyin ƙodago su ma suna da abin ji. Ikkilisiya ta yarda da yajin aiki, amma a matsayin makami na ƙarshe, ta kuma ce kada a katse ayyukan da ran jama'a ya rataya a kansu. Kukan ma'aikata a watan Yuni 2024 na gaskiya ne, amma kashe wutar lantarkin ƙasa duka, har da ta asibitoci, a ganinmu ya wuce gona da iri. Haka kuma wata takwas da jami'o'i suka yi a rufe a 2022: 'ya'yan talakawa ne suka zauna a gida. Sai dai babban laifi yana wuyan wanda ya sa hannu a yarjejeniyar 2009 da malaman jami'a, ya bar ta tana shan ƙura.

Yohanna Mai Baftisma da masu kaki

A cikin karatunmu na Luka, masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yohanna suna tambaya abin da za su yi. Ma'aikatan gwamnati ke nan. Bai ce su bar aikin ba. Ya umarci masu haraji su tsaya a kan abin da aka ƙayyade, ya hana sojoji ƙwace da ƙage, ya ce albashinsu ya ishe su. Waɗansu sukan ɗauki wannan aya su toshe bakin ma'aikaci da ita. Ba haka take nufi ba. Yohanna yana hana ma'aikaci ya cike giɓin albashinsa daga aljihun talaka ne. Bai hana shi neman hakkinsa daga wanda ya ɗauke shi aiki ba.

Mun sani sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, albashin da bai isa ba kuwa babbar tsaga ce. Wanda ya bar ɗan sanda da yunwa ya ba shi bindiga yana da nasa alhaki. Duk da haka, ɗan'uwa Kirista da ke ofis, matar da ka ɓoye wa fayil sai ta ba ka na goro ba ita ta yanka maka albashi ba, wataƙila ma ta fi ka talauci. Malamin da yake sa hannu a rajista da safe ya wuce gonarsa, shi ma ya danne hakki, na yaran da aka ba shi amana. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

A cikin gidanmu

Ikkilisiya ma tana ɗaukar ma'aikata: katekis, malaman makarantun mishan, ma'aikatan asibitocinmu, direba, mai dafa abinci, mai gadi. Taron bishop-bishop na duniya da aka yi a Roma a 1971 ya ce wanda zai yi wa mutane maganar adalci, dole a fara ganin adalci a wurinsa. Dokar Ikkilisiya ta 1983, a sashe na 1286, ta wajabta wa masu riƙon dukiyar Ikkilisiya su biya ma'aikata ladan da zai ishe su da iyalinsu. Cewa "aikin Allah ne" ba ya sayen mudun gero. Haka nan kowane gida a cikinmu da yake da yarinyar aiki ko ɗan ƙodago a gona, ma'aunin nan uku sun hau kansa.

Idan an bi dokar 2024, bita ta gaba za ta faɗo a 2027. Muna roƙon kowace ƙungiya, musamman Zumuntar Mata, waɗanda suka fi kowa sanin kasuwa, su yi wannan aiki kafin taro na gaba. A rubuta abin da gida mai mutum shida yake kashewa a wata a garinku: hatsi, mai, kayan miya, itace ko gawayi, haya, mota, makaranta, magani. A sa farashin ranar kasuwar da ta wuce, ba na ji-ta-ji-ta ba. A ajiye jimlar kusa da albashin masinja a ƙaramar hukumarku, da na malamin firamare, da na katekis ɗinku. Kofi ɗaya a kai wa kwamitin kuɗi na majami'a, ɗaya kuma a aika wa ofishin JDPC na dayosis ta hannun Fada.